Man bilicin a kan fatar da aka yi wa leza

Kwanan nan wani saƙon murya ke yawo a zaurukan WhatsApp na matan Birnin Kudu da Gwaram, musamman masu shirin biki. Wai duk wadda ta je Kano aka yi mata aikin leza don goge tabon ƙuraje, ta riƙa shafa man bilicin a wurin safe da yamma, kada ya yi baƙi.

Ban ga laifin 'yan'uwan da suka yarda ba. Fata irin tamu takan yi duhu a inda ta ji ciwo, kuma ba amaryar da ke son fita da tabo. Amma wadda ta naɗi muryar nan ta ji tsoron Allah. Leza ƙuna ce da ake yi bisa awo, kuma idan mai ɗaye fata ce, wurin ɗanye yake a kwanakin farko, yana tsatsar ruwa. Da yawa daga mayukan da ake haɗawa a kasuwa akwai clobetasol a ciki, sinadarin da ke sirantar da fata, ya jinkirta warkewa, ya danne ja da kumburi har ciwo ya ruɓe ba a farga ba. Wasu kuma zaiba ke cikinsu, wadda ke saurin ratsa buɗaɗɗen rauni ta taɓa ƙoda. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa, kuma a kan lafiyayyar fata ma take magana.

Lemun tsami da man goge baki da wasu ke shafawa a wurin ƙarin ƙuna ne kawai. Zancen leza tana hana haihuwa ba shi da tushe. Batun a bar wurin ya bushe ma kuskure ne: tun 1962 wani mai bincike, George Winter, ya nuna a Ingila cewa rauni mai danshi ya fi saurin rufewa.

Abu ɗaya mai saƙon muryar ta faɗa daidai: rana tana ƙara duhun wurin, a kare shi. A wanke a hankali da tafasasshen ruwa da ya huce, a shafa basilin, kada a ɓamɓare ɓawo, a bi umarnin likita kan bandeji, musamman cikin ƙurar hunturu. In an ga mugunya, zazzaɓi ko zafi yana ƙaruwa, a tafi asibitin tarayya na Birnin Kudu ko babban asibitin Gwaram a ranar, a riƙo kwalbar man da aka shafa.