Abin da Kogin Yobe ke ɗauke da shi ban da ruwa

Wanda duk ya tsaya a bakin kogi a Gashuwa wajen ƙarshen damina zai ga ruwan ya yi kauri, ya turɓune kamar an dama kunu. Mai wanki yana kiran wannan dauɗa. Manomin fadama kuwa ya san cewa takinsa na bana ke nan ya iso, ba tare da ya ɗaura wa jaki mangala ba.

Masana kimiyya suna kiran jigon wannan taki da suna kabon, watau sinadarin nan da ke zama gawayi idan an ƙona itace. Asalinsa a cikin iska yake. Kowane ganye, tun daga na gero har zuwa na giyayya, yana zuƙo shi daga iska da taimakon hasken rana, ya gina jikinsa da shi, har ma kusan rabin nauyin busasshen kara kabon ne. In ganyen ya faɗi, ko saniya ta ci ta kasayar, sai gara da ƙananan halittun da ido ba ya gani su ruɓar da shi. Mafi yawansa ya koma iska, kaɗan ya saura ya zama baƙar ƙasa. Daga wannan ragowa ne ruwan sama yake ɗiba, wani a narke kamar ganyen shayi, wani a manne da laka, ya gangara da shi rafi. An ƙiyasta cewa kogunan duniya suna kai wa teku kimanin tan miliyan 400 na irin wannan kabon kowace shekara.

To, amma Kogin Yobe ba ya zuwa teku. Kogin Haɗeja, mai tasowa daga ƙasar Kano, da na Jama'are, mai gangarowa daga tsaunukan Jos, su ne suke haɗuwa kusa da Gashuwa, ruwan ya bi ta Gaidam, ya raba Nijeriya da Nijar, ya ƙare a Tafkin Chadi. Kafin ya kai can sai ya bazu a dausayin Haɗeja da Nguru, gudunsa ya ragu, ya sauke kayansa. A nan ne shinkafa da tarwaɗa da shanun Fulani suke cin rabonsu. Mai karatu zai lura da wani abu mai ban mamaki: ƙasar da zaizaya ta ƙwace wa manomin tudu a Kano da Bauchi, ita ce take ciyar da manomin Bade.

Yusufari ba ta da hannu sosai a wannan aike, gama ƙasarta rairayi ce. Ruwan da ya sauka nutsewa yake yi nan take, ba ya gudu zuwa kogi, kuma baƙin takin da ke cikin irin wannan jigawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ɗan abin da take da shi iska ce ke kwashewa, musamman inda aka sare itatuwa aka bar tudu tsirara. Sai a kwaruruka irin na Tulo-Tulowa, inda dabino da goruba suke tsaye, ake samun ƙasa mai duhu. Hazon hunturu ma yana kawo nasa, daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wanda gindin wani tsohon tafki ne da ya ƙafe tun dubban shekaru, ko da yake abin da ke cikin ƙurar ya fi yawa ma'adinai ne.

Wannan tsari ya sauya a zamaninmu. A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 kuma ta Challawa. Ba mai musun amfanin da Kano ta samu na ruwan sha da noman rani, amma madatsa ba ruwa kaɗai take tsarewa ba, har da laka da takin da ke cikinta, su kwanta a ƙasan tafki inda ba wanda zai shuka kome. Ga kuma farin 1973 da na 1984. Ambaliyar da ke malale fadamu ta ragu ƙwarai, ruwa ya daina zuwa da lokacinsa.

Mafi muni shi ne abin da ya faru a mashigin Marma da Tafkin Nguru. Da can ƙasar takan bushe da rani, ta sha iska, dabbobi su tattake ta. Da aka riƙa sako ruwa daga madatsu har da rani, sai ciyawar kachalla ta sami wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama masaukin tsuntsayen jan-baki masu ɓarnar hatsi. Kachalla ma kabon take tarawa, mai yawan gaske, sai dai a inda ba ya amfanin kowa. A ƙarƙashin ruwan da ke kwance yake ruɓewa, yana fitar da iskar gas mai ƙara ɗumamar duniya, alhali gonakin da ke gaba, wajen Gashuwa da Gaidam, suna jiran ruwan da ciyawar ta tare.

A shekarar 2000 aka sanya Tafkin Nguru da mashigin Marma cikin dausayoyin da duniya ta yarda a kiyaye bisa yarjejeniyar Ramsar. Takarda dai ba ta yanke kachalla. Abin da masana ruwa suka daɗe suna nema shi ne a riƙa sakin ruwan Tiga da Challawa da yawa a tsakiyar damina, a rage shi da rani, domin fadama ta cika a lokacinta, ta kuma bushe a lokacinta.