Jawabin Kurciya a Bayan Tashar Kafanchan

Tun muna yara muke jin manya na cewa kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Ban taɓa tambayar kaina wa ake yi wa jawabin ba, sai da na sayi kyamara na fara sammako zuwa gindin wani mangwaro a bayan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Tun wajen 1927 garin yake mahaɗar layin dogo. Yanzu da jirgi ya yi ƙaranci, kurciyoyi sun gaje ƙarafa da rufin kwano, kuma nan na fi samun su cikin natsuwa.

Wata safiya wani dattijo, tsohon ma'aikacin reluwe, ya tsaya a kaina.

"Yaro, me kake fako tun asuba?"

Na ce, "Baba, kurciya nake ɗauka hoto."

Ya saurara kaɗan, ya ce, "Ka ji ta ko? Mijinta ta rasa. Kurciya ba ta sake aure, sai dai ta yi ta kuka har ta mutu."

Na sha jin wannan magana a Kagoro da Zonkwa, kuma ina ƙaunarta, domin mutanen da suka ƙaga ta sun ga wani abu na gaskiya. Kurciyoyi biyu-biyu suke yawo, tare suke kiwo, tare suke sauka shan ruwa. Sai dai ina ganin harshenmu ne ya ɗan karkatar da mu. Kalma ɗaya muke da ita, kuka, ga mai zubar da hawaye da kuma tsuntsun da ke rera murya. Sannan sunan tsuntsun na mace ne, kullum "ta" muke cewa. Da aka haɗa biyun sai aka sami bazawara mai takaba a kan reshe. Alhali wanda ke hawa ƙololuwar bishiya yana maimaita kira tun hantsi har azahar, galibi namiji ne, kuma shela yake yi: nan wurina ne, ina neman mata. Ma'aurata kan daɗe tare, wannan haka yake, amma wanda ya rasa abokin zama yakan nemi wani. Na faɗa wa Baba haka. Ya girgiza kai ya ce ni da kyamarata mun ga tsuntsu, shi kuwa ya ji shi shekara saba'in. Ban ja da shi ba.

Abin da na gani a madubin kyamara shi ne wannan. Ƙaramar kurciyar nan ta cikin gari, mai ɗige-ɗigen baƙi a wuya, namijinta yakan sauka kusa da mace, ya kumbura wuya har ɗigen su baje, ya riƙa sunkuyawa yana ɗagowa, yana bin ta taku-taku da wata murya daban da ta shela. In ta ƙi kula shi, sai ya juya ya soka baki cikin fiffikensa kamar mai gyaran gashi. In ta amince, sai ta durƙusa ta sa bakinta cikin nasa, ya ciyar da ita kamar ɗan tsako. Akwai kuma tashin nuna bajinta, inda yake zabura sama yana tafa fukafukai, fat-fat-fat, sannan ya shimfiɗa su da wutsiya ya sauko a hankali cikin lanƙwasa. Wannan ne ya fi wuyar kamawa. Sai an saita kyamara ta ƙifta cikin kaso ɗaya bisa 2000 na daƙiƙa, kuma lokacin hunturu hazo na cinye hasken da ake bukata.

Murya ta uku ita ce ta sa na ƙara girmama karin maganar. Idan namiji ya sami wurin sheƙa, yakan kwanta a wurin, kai ƙasa, wutsiya sama, fukafukai na rawa, yana wani gunji a hankali. Bayan 'yan kwanaki mace takan karɓi wurin da gunjin duka. A Jami'ar Rutgers ta Amurka, Daniel Lehrman da abokan aikinsa sun nuna a shekarun 1960 cewa macen da ke kallon namiji yana mata wannan rawa, ko da akwai gilashi tsakaninsu, ƙwan cikinta kan fara girma. Daga baya Mei-Fang Cheng, a jami'ar dai, ta gano abin da ya fi wannan ban mamaki. Macen da aka hana wa murya, duk rawar da namiji zai yi, ƙwanta ba ya nuna yadda ya kamata, amma da aka kunna mata faifan gunjinta sai jikinta ya amsa. A 1992 ta buga bayanin da ke cewa mace kanta take yi wa kukan. Kurciyar keji da suka yi binciken da ita kuwa jikanyar kurciyar Sahel ce, irin wadda ake gani a ƙasar Katsina da Maraɗi. Ashe jawabin har mai yin sa yana cikin masu sauraro.

Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne jingina wa kurciya asirin nan da ake cewa "an yi masa kurciya", mutum ya bar gida ya shiga duniya. Tsuntsun da ke dawowa reshe ɗaya ya sake sheƙa, namiji ya kwanta kan ƙwai biyu da rana, mace ta karɓe shi da dare har kimanin mako biyu, sannan su biyun su shayar da 'ya'ya da wani farin ruwa mai kauri daga maƙoshinsu, bai cancanci a sa sunansa a kan raba mutum da iyalinsa ba.

Sheƙar tata 'yan tsinke ne kawai, har ana hango ƙwai ta ƙasa, shi ya sa ba na matsawa kusa. Hankaka, mai da ɗan wani naka, yana lura da inda mutum ya ƙura ido, kuma in uwa ta firgita ta tashi, ƙwan ya zama nasa. Daga nesa nake ɗauka, ina zaune, sanye da tufafi masu duhu.

Hoton da na fi so ban same shi a tasha ba. A hanyar Matsirga ne, bakin wata gonar acca da aka gama girbe, da la'asar sakaliya. Namiji ya sunkuya har ƙirjinsa na taɓa ƙasa, mace ta juya masa baya tana tsintar tsaba. Na wanke shi na kai wa Baba. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗora yatsa a kan macen ya ce, "Wannan tana jin sa sarai."