Wane lauya ne ya wuce komawa aji?

Yau daga nan Darini nake magana, kuma batunmu na lauyoyi ne. Kar ka ce bai shafe ka ba, tsaya ka ji.

Karatun lauya ba ya ƙarewa ranar da ya fito daga makarantar horar da lauyoyi. Tsofaffin ƙa'idojin aikin lauya na 2007, a ƙa'ida ta 11, sun wajabta wa duk mai son ci gaba da aikin ya riƙa ƙaro ilimi kowace shekara a ƙarƙashin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, wato NBA. Zuwa bita, halartar taron ƙara wa juna sani, rubuta maƙala, duk ana lissafa su.

Amma ba a yi musu kuɗin goro ba. Ƙa'idar ta 2007 ta yanka wa wanda bai wuce shekara 5 da fara aiki ba awa 24, mai shekara 5 zuwa 10 awa 18, wanda ya haura 10 kuma awa 12. Wato a wancan lokacin, yawan daɗewarka, yawan sassaucinka.

A wasu wuraren ma ɗauke wa mutum ake yi gaba ɗaya. A jihar Kalifoniya ta Amurka ana neman awa 25 duk shekara uku, amma an yafe wa zaɓaɓɓun jami'an jihar da malaman jami'a masu koyar da shari'a. Har ƙara aka kai, a 1999 kotun ƙolin jihar ta ce yafiyar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba.

To, ina ruwanmu? Mu nan yankin Batsari da Safana mun san yadda matsalar tsaro ta sa ana kame. Wani lokaci a nemi mutum a rasa, sai a tafi da ƙanensa ko mahaifinsa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta haramta kama wani a madadin wanda ake zargi. Lauyan da ya rufe littafi tun kafin 2020, da me zai kare ka? Kai ka sayar da buhun gero ka biya shi, shi kuma yana yaƙi da tsohon makami.

Ra'ayina a nan shi ne, a auna yafiya da aiki, ba da furfura ba. Wanda ya yi ritaya, ko rashin lafiya ta kwantar da shi, a ɗauke masa, babu laifi. Amma duk wanda yake karɓar kuɗin talaka ya tsaya masa a kotu, ko shekararsa 40 yana aiki, ya koma aji. Sabuwar doka ba ta tambayar shekarun lauya kafin ta fito.

Kai kuma ɗan uwa, in buƙatar lauya ta kama ka, ba rashin kunya ba ne ka tambaye shi: "Barista, yaushe rabonka da bita?"

Allah Ya ba mu zaman lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.