Jitar da ba a yi mata waƙa: me ya sa wasu makaɗa ke son Stratocaster, wasu kuma Les Paul?

Duk mai kallon shirye-shiryen talabijin a kan hamada ko teku ya taɓa jin irin wannan kiɗa, ko da bai kula ba. Jitar lantarki ce ita kaɗai, babu mawaƙi, babu 'yan amshi, wani lokaci ko ganga babu. Makaɗin ya taɓa tsirkiya ɗaya, amon ya fita ya yi ta yawo kamar kuwwa a tsakanin duwatsu, sai ya kusa ɓacewa sannan a taɓa ta biyu. Kiɗa ne na zama shiru, wanda ɗalibi kan saka lokacin bitar karatu, direba kuma a doguwar tafiyar dare.

Yanzu da waya ta kawo shi hannun kowa, matasa a Yamai da Garwa da Kumasi da Njamena sun fara sha'awar koyonsa. Wani ɗalibina da ya daɗe yana tara kuɗi ya tsayar da ni bayan darasi, ya ce: "Malam, wace iri zan saya?" Tambayar tana da nauyi, domin a wurinmu jita ba abin da ake saye sau biyu ba ne. In ka yi kuskure, da kuskuren za ka zauna shekaru.

Kunnenmu bai baƙunci kiɗa maras waƙa ba. Mun san sarewar makiyayi da yamma, mun san taken da makaɗi ke kaɗawa a gane wanda ake nufi ba tare da an buɗe baki ba. A Nijar, mutane da yawa sun tashi suna jin kiɗan ogan na Mamman Sani a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, wanda ya fara naɗa a kaset a 1978. Makaɗan jita na Abzinawa kuma suna da kalmar assouf, wato kewa da begen da ke kama mutum a cikin sarari. Su galibi suna waƙa, amma dogayen wuraren da suke barin jita ta yi magana ita kaɗai, babban yatsa na riƙe da amo ɗaya a ƙasa yayin da sauran ke yawo a sama, sun kusanci abin da muke magana a kai.

Daga ina faɗin amon ke fitowa?

Jitar lantarki in ba a jona ta ba, da ƙyar na ƙofar ɗaki zai ji ta. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta na ƙarfe akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai. Masu Faransanci na ce masa mikro, mu a nan mu kira shi maɗauki. Idan tsirkiya ta kaɗa, sai ta haifar da ɗan ƙaramin lantarki a cikin wayar, shi ne ake kaiwa amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi ya fita ta lasifika.

Wannan faɗi da nisa da ake ji kuwa, a kan hanya ake ƙara shi, da wasu ƙananan akwatuna da makaɗi ke takawa da ƙafa, waɗanda ake kira feda. Biyu ne ginshiƙi. Ta farko tana maimaita amo bayan ɗan lokaci, kamar yadda dutse ke maido maka da muryarka. Sauti na tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, saboda haka bangon da ke nesa da kai da mita 17 zai maido da shi bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, daga nan ne kunne ke fara jin sa a matsayin amo na biyu. Fedar tana kwaikwayon wannan, kuma makaɗi ne ke zaɓar nisan bangon da yawan maimaicin. Ta biyu tana kwaikwayon gunjin da ke saura idan ka yi magana a cikin rijiya ko babban zaure da ba kaya, inda amsoshin suka yi yawa har suka narke suka zama abu guda.

Akwai kuma dabarar hannu. Makaɗi ya rufe maɓallin ƙara, ya bugi tsirkiya, sannan ya buɗe a hankali da ɗan ƙaramin yatsa. Ba a jin bugun, sai dai amo ya taso kamar na goge.

Tun da amo ɗaya zai daɗe a iska ana saurarensa, yadda yake farawa da yadda yake mutuwa sun zama komai. A nan ne gardamar irin jita ta samo asali.

Gida biyu

Kamfanin Fender na Amurka ya fito da Stratocaster a 1954. Tana da maɗauki uku, kowanne mai naɗi ɗaya, kuma da kusoshi huɗu aka ɗaure wuyanta a jiki. Tsawon tsirkiyarta daga kai zuwa jaki, wato ƙarfen da take hawa a kan jikin jitar, santimita 64.8 ne. Amonta siriri ne, garau, mai kaifi a farkon bugu. In ka zuba masa maimaici da gunji ba ya dagulewa, kowane amo na nan a rarrabe. Shi ya sa tarihin wannan salo ya cika da ita. Hank Marvin na ƙungiyar The Shadows ya haɗa jar Stratocaster da na'urar maimaita amo a kiɗan Apache, wanda ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya a 1960 ba tare da kalma ko ɗaya ba. David Gilmour na Pink Floyd ya yi shekaru da baƙar tasa, wadda aka yi gwanjonta a 2019 a kan dala miliyan 3 da dubu 975. Mark Speer na Khruangbin, ƙungiyar jihar Teksas da yawancin kiɗanta ba waƙa, ita yake riƙewa, kuma su ne suka yi faifan Ali tare da Vieux Farka Touré na Mali a 2022. A gida, Mdou Moctar ɗan jihar Tawa, bahago, da farar Stratocaster aka san shi, ko da yake nasa kiɗan wuta ne ba sanyi ba.

Tana da wasu abubuwa biyu da masu wannan salo ke so. Maɓallin ƙararta yana dab da tsirkiyoyi, ɗan yatsa na kai masa ba tare da hannu ya bar wurinsa ba. Sannan tana da 'yar sanda a jikin jaki, wadda in an danna ta kaɗan sai amon ya yi lilo kamar kawalwalniya.

Ɗaya gidan na Gibson ne. Les Paul ta fito a 1952, kuma daga 1957 aka fara saka mata maɗauki mai naɗi biyu, ƙirar injiniya Seth Lover. Jikinta katako ne mai kauri, da gam aka manne wuyanta, tsirkiyarta ta fi gajarta, kimanin santimita 62.8, don haka ta fi laushi a yatsa. Amonta mai kauri ne, mai ɗumi, kuma yana daɗewa kafin ya mutu. Wanda ke son dogon amo da zai miƙe kamar zare, ba ɗigo-ɗigo ba, nan yake zuwa. Da Les Paul Robert Fripp ya yi faifan da suka fitar da Brian Eno a 1973, inda suka ratsa zaren naɗar sauti ta cikin rikoda biyu, abin da aka kaɗa ya riƙa dawowa yana hawa kan sabo har ya zama kamar hazo. Aibinta shi ne in gunji ya yi yawa, kaurin nan sai ya koma taɓo, ƙananan amo su haɗiye manya. Tana kuma da nauyi, sau da yawa ta haura kilo 4, kafaɗa na sanin haka bayan awa biyu a tsaye.

Akwai na tsakiya. Telecaster, yayar Stratocaster, ta fi ta tsauri da sauƙin ƙira. Jazzmaster ta 1958 an yi ta ne don masu kiɗan jaz, suka ƙi ta, daga baya masu son amo mai lilo suka ɗauke ta saboda doguwar sandarta mai laushi. ES-335 ta Gibson, ita ma ta 1958, tana da rami a gefe biyu na cikinta, amonta da iska-iska, amma takan yi kuka in an matsa kusa da lasifika da ƙara sosai. A kasuwanninmu ba kasafai ake cin karo da waɗannan ba, don haka ba zan daɗe a kansu ba.

Abin da masu gardama a Turai ba sa lissafawa

Maɗauki mai naɗi ɗaya kamar eriya yake. Ban da tsirkiya, yana kwaso gurnanin wutar lantarkin da ke kewaye da shi. A ƙasashenmu wutar na juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan "zzz" ɗin da ake ji a lasifikar biki shi ne. In wayoyin gida ba su da haɗin ƙasa, ko ana aiki da janareto, abin ya ƙaru. A kiɗa mai ganga da tafi ba wanda zai damu. A kiɗan da rabinsa shiru ne kuwa, gurnanin shi zai cika shirun, kuma fedar maimaici za ta ninka shi. Mai naɗi biyu an ƙera shi ne don maganin wannan: naɗin biyu suna adawa da juna, gurnanin da ɗaya ya kwaso ɗayan ya soke shi, amon tsirkiya kuma ya tsira. Farashin da ake biya shi ne raguwar kaifi.

Wannan bai kashe Stratocaster ba. A yawancin na zamani, an juya naɗin maɗaukin tsakiya, saboda haka in ka sa makunnin zaɓi a matsayi na 2 ko na 4, inda maɗauki biyu ke aiki tare, gurnanin na raguwa ƙwarai. Akwai kuma masu siffar Stratocaster da aka sa wa mai naɗi biyu kusa da jaki, masu naɗi ɗaya guda biyu a gaba, kamar yawancin Yamaha Pacifica. Irin wannan na ce wa ɗalibina ya nema, kuma har yanzu ita nake ganin ta fi dacewa da mai jita ɗaya tilo a unguwar da wuta ba ta da tabbas.

Sai yanayi. Hunturu na busar da katako, wuya ya ɗan tsuke, bakin ƙarafan da ke jere a kansa su fito su riƙa yankan hannu. Damina ta zo ya kumbura ya lanƙwashe. Wuyan da aka ɗaure da kusoshi ana iya kwance shi a gyara ko a sauya. Na Les Paul in ya karye, kuma an san shi da karyewa a wajen kai idan jitar ta faɗi, sai gwanin kafinta, wanda ba kowane gari ke da shi ba.

Game da katakon jiki, ana cika baki da yawa a kan cewa wannan itace ya fi wancan daɗin amo. Ni dai ina ganin rabonsa kaɗan ne idan aka gwada da maɗauki da amfilifaya da hannun mai kaɗawa, balle bayan amon ya ratsa feda biyu. Haka sunan da ke rubuce a kan jitar. Squier na Fender ne, Epiphone na Gibson, duk suna yin waɗannan siffofi da araha, kuma jabu masu ɗauke da manyan sunaye sun cika kasuwa. Mdou Moctar da wayar birkin keke ya yi tsirkiyoyin jitarsa ta farko. Da a ce kuɗina ne, da na sayi mai matsakaicin farashi, ragowar na sa a fedar maimaici da waya mai kyau, domin araharta ma na kwaso gurnani.

In ka je saye, kada ka bari mai shago ya burge ka da gudun yatsu. Karɓi jitar, a jona ta ba tare da wata feda ba. Bugi tsirkiya ɗaya ka ƙirga har amon ya mutu, ka yi haka a wurare daban-daban na wuyan, ka ji ko akwai inda yake shaƙewa ko yake ƙarar ƙarfe. Murɗa maɓallin ƙara a hankali ka ji ko yana tashi sumul ko yana ƙarce-ƙarce, domin dabarar goge da shi ta dogara. Daga nan ka ɗauke hannunka gaba ɗaya ka saurari abin da lasifika ke yi ita kaɗai. In kuma amfilifayar 'yar gwanjo ce daga Amurka, duba bayanta kafin a jona: tasu wutar 120 ce, tamu 220 zuwa 230.