Ɗaukar farko a adashin haraji

Duk macen da ta taɓa zubin adashi ta san bambancin ɗaukar farko da ta ƙarshe. Kuɗin ɗaya ne, ko dala ba ta ƙaru ba. Amma wadda ta kwasa da wuri ta sari dawa da kaka a kasuwar Korbongou, ta adana, ta sayar da bazara. Wadda ta kwasa a ƙarshe kuwa kuɗinta kawai suka dawo mata, bayan kaya sun yi tsada. Haka sassaucin harajin da wasu ƙasashe ke yi wa mai sayen kayan aiki yake.

A ce wani kamfani a Dapaong ya sayi injin casar shinkafa na sefa miliyan 5, wanda zai yi shekara 5 yana aiki. Inji kullum tsufa yake yi, shi ya sa tsarin lissafin OHADA, wanda Togo ke bi, ya ce a raba kuɗinsa bisa shekarun aikinsa. Sai kamfanin ya riƙa cire miliyan 1 daga ribarsa duk shekara kafin a yanka masa haraji. Harajin kamfanoni a Togo kashi 27 cikin 100 ne, ke nan sauƙin da zai samu sefa 270,000 ne a shekara, har sau biyar. Da za a bar shi ya cire miliyan 5 ɗin gaba ɗaya a shekarar farko, in ribarsa ta kai, da sefa 1,350,000 sun tsaya a hannunsa nan take. Jimillar ɗaya ce, lokacin ɗauka ne ya bambanta.

Amurka ta daɗe tana wannan. Ta fara da barin a cire kashi 30 cikin 100 na kuɗin kayan aiki a shekarar farko a 2002, dokar 2017 ta kai shi 100, ya sauko zuwa 80 a 2023 da 60 a 2024, sannan a Yulin 2025 aka mayar da shi 100.

To amma wadda ta ɗauki farko, zubi na jiranta kowane mako. Haka kamfanin da ya cire duka a farko: daga shekara ta biyu babu sauran abin cirewa, haraji zai zo cikakke. Wanda ya juya kuɗin ya ƙara inji ya ci riba. Wanda ya ɗauka kyauta ce gwamnati ta ba shi, ya kashe a biki, zai ji a jikinsa.

Abin da ke damuna shi ne yawancin mutanenmu ba su ma cikin wannan adashi. Mai injin niƙa a Korbongou da tela a zangon Sokode harajin ƙananan sana'o'i, wato TPU, suke biya wa hukumar haraji ta OTR, kuma ba bisa riba ake yanka shi ba. Injinka ya tsufa ko bai tsufa ba, takardar harajin ba ta san da shi ba. Dokar zuba jari ta 2019 ta kyauta, don ta ba yankin Savanes, inda Korbongou take, ragi fiye da na Lome, sai dai jarin da take nema ya fara ne daga sefa miliyan 50. Mutum nawa ne a Korbongou ke da wannan?

Ga shi yankin Savanes na ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ta tsaro tun Yunin 2022. Mai sayen inji a irin wannan wuri ya fi kowa bukatar kuɗinsa su dawo da wuri. Ina roƙon 'yan majalisar da ke wakiltar gundumar Tone, inda Dapaong da Korbongou suke, su nemi a ba ƙananan masu sana'a ragin TPU a shekarar da suka sayi sabon kayan aiki. Kai kuma ɗan'uwa mai sana'a, ranar da ka sayi inji ka karɓi rasit da sunanka, ka adana shi.