Abin da ke riƙe mai motsa jiki bayan tsoro ya wuce

A Dandalin Murtala da ke Kaduna, da kewayen filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata, Kano, safiyar Asabar ta sauya kama. Bayan sallar Asuba za ka ga magidanta masu furfura suna sassarfa, wani da carbi a hannu, wani ya ɗaure wando a kan tumbi yana haki yana hira.

Dalilin fitowar yawancinsu a fili yake: hawan jini, ciwon sukari, da gargaɗin likita. Tafiyar da iyayenmu ke yi da ƙafa zuwa gona ko kasuwa, babur da adaidaita sahu sun ɗauke ta, ma'aikaci kuwa yini yake a kujera. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 kashi 31 cikin ɗari na manya a duniya ba sa motsa jiki yadda ya kamata, alhali shawararta ga babba ita ce minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin tafiya da sauri.

Amma tsoro ba ya jimawa. Wanda awon jini ya koro yakan fara da zafi, ya sayi sabon takalmi, ya yi gudun da ya fi ƙarfinsa, gwiwa ta kumbura. Da hunturu ya shigo, ko watan azumi ya tsaya, ko awo ya ɗan sauka, shi ke nan, takalmi ya koma ƙarƙashin gado.

Waɗanda suka ɗore, a ganina, su ne suka sami daɗi a ciki, kuma daɗin nan galibi mutane ne ke kawo shi. Mutum huɗu ko biyar da suka saba haɗuwa a bakin masallaci, in ɗaya bai fito ba sai waya ta yi ƙara: "Alhaji, lafiya kuwa? Mun jira ka." Kunyar abokai ta fi takardar likita tayar da mutum daga barci. Da ma haka muka taso: ba wanda ya taɓa yin langa ko kokawa saboda likita ya rubuta masa, wasa ne ya sa jiki ya yi ƙwari. Riba kuma ta wuce ta jini. Barci kan gyaru, zumunci ya ƙaru, tsohon da ya yi ritaya ya sami inda ake ɗokin ganinsa.

Inda abin ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mata. Su ma hawan jini da sukari na damunsu, amma fita titi da sassafe na jawo musu kallo da surutu, titunan kuma ba gefen masu tafiya a ƙafa, ga ababen hawa. Ɗakunan motsa jiki na kuɗi sun fi ƙarfin talaka.

Ya kamata ƙananan hukumomi da masu unguwanni su buɗe filayen makarantu masu katanga da safe, a ware wa mata nasu lokacin, su zo da ƙawayensu.