Ciwon Ƙoda Mai Asali Daga Ciwon Hanta Nau'in B

Gabatarwa

A unguwannin cikin birnin Kano irin su Sheshe, Yakasai da Kankarofi, da zarar an ambaci ciwon hanta, abin da yake zuwa wa mutane a rai shi ne shawara, wato idanu su yi ɗorawa, fitsari ya yi ja. Kaɗan ne suka san cewa ƙwayar cutar da take haddasa ciwon hanta nau'in B tana iya lalata ƙoda, alhali hantar kanta ba ta nuna wata alama ba. Yaro yakan wayi gari da kumburarriyar fuska, iyaye su ɗauka ƙiba ce ko rashin abinci mai gina jiki, ba tare da an kawo batun hanta ko ƙoda ba. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda cutar take tasowa daga hanta ta isa ƙoda, da alamominta, da hanyoyin magani da na rigakafi.

Aikin Ƙoda

Kowane mutum yana da ƙoda biyu, kuma a cikin kowace ɗaya akwai ƙananan matatai kimanin miliyan 1. A bakin kowace matata akwai wani ɗan ƙulli na siraran jijiyoyin jini da masana suke kira gulomarulus. Aikinsa ya yi kama da na ƙyallen da mata suke tace gasara da shi: ruwa da abin da ya narke a cikinsa su wuce, dusa ta tsaya. A kowace rana ƙodojin baligi suna tace ruwa kimanin lita 180 daga jini, sa'an nan su mayar da kusan dukkansa, abin da ya rage, wajen lita ɗaya da rabi, shi ne fitsari. Lafiyayyar matata ba ta barin ƙwayoyin jini da furotin su fice. Mafi muhimmanci daga cikin furotin ɗin nan shi ne albumin, wanda hanta take sarrafawa, kuma shi ne yake riƙe ruwa a cikin jijiyoyi.

Ciwon Hanta Nau'in B

Cutar ƙwayar bairas ce take kawo ta. Wani masani Ba'amurke, Baruch Blumberg, shi ya fara ba da rahoton alamar ƙwayar a cikin jini a 1965, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1976. Wannan alama ita ce a yau ake rubutawa HBsAg a takardar gwaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne suke ɗauke da cutar a duniya. A Nijeriya kuwa, binciken ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita.

Ƙwayar tana bin jini da ruwan jiki ne. Tana wucewa daga uwa zuwa jariri a lokacin haihuwa, da tsakanin yara ta hanyar ƙuraje da raunuka, da ta hanyar saduwa, da ƙarin jinin da ba a gwada ba, da allura ko reza ko askar da aka yi wa wani amfani da ita. Don haka aski, kaciya, ƙaho, tsaga da cire belu duk suna iya zama ƙofa idan kayan aikin ba su sami tsabtacewa ta sosai ba. Cin abinci a kwano ɗaya, musafaha, tari da cizon sauro ba sa yaɗa ta. Shekarun da mutum ya kamu su ne suke yanke hukunci: cikin jarirai 10 da suka kamu, kimanin 9 cutar takan zauna musu, amma a manya waɗanda take zaunar wa ba su kai kashi 5 cikin 100 ba.

Yadda Cutar Take Isa Ƙoda

Idan ƙwayar ta zauna a hanta tana hayayyafa, takan riƙa zubo wasu furotin nata cikin jini. Ɗaya daga cikinsu, mai suna HBeAg, ƙarami ne ƙwarai, har yana iya ratsa bangon matatar ƙoda ya maƙale a bayansa. Garkuwar jiki sai ta aiko da sinadaran yaƙi su kama shi a nan inda ya maƙale. Haɗuwar tasu takan bar dunƙule-dunƙule a jikin bangon, faɗan kuma ya raunata ƙwayoyin halittar da suke tsare matatar. Bangon sai ya yi kauri, amma duk da kaurin sai ya riƙa yoyo. Ke nan mafi yawan ɓarnar daga yaƙin da jiki yake yi da ƙwayar take fitowa.

Da matata ta fara yoyo, albumin zai riƙa fita cikin fitsari, ya ragu a jini, ƙodar kuma ta riƙa riƙe gishiri. Ruwa sai ya tsiyaye daga jijiyoyi ya taru a fuska da ƙafafu da ciki. Wannan nau'i mai kaurara bango shi ya fi yawa, musamman ga yara, kuma ya fi kama maza fiye da mata. Akwai wani nau'in da ƙullin matatar yake kumbura har jini ya fita a fitsari, akwai kuma wanda jijiyoyin da suke kai wa ƙoda jini ne suke kumbura, su jawo hawan jini mai tsanani.

Binciken Zariya

Combes da abokan aikinsa ne suka fara ba da rahoton wannan alaƙa a Amurka a 1971. Shekara 10 bayan haka, a 1981, likitoci uku a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wato M. B. Abdurrahman, Y. M. Fakunle da H. C. Whittle, suka buga sakamakon bincikensu a kan yara masu ciwon kumburi na ƙoda. Sun sami alamar ƙwayar a cikin tsokar ƙodar wasu daga yaran da suke ɗauke da ita a jini. Har ila yau sun tarar cewa yara da yawa marasa ciwon ƙoda su ma suna ɗauke da alamar a jininsu. Darasin da ke cikin wannan shi ne, a ƙasar da cutar ta yawaita, samun HBsAg a jinin mai ciwon ƙoda bai isa hujjar cewa ita ce sanadi ba. Dole likita ya duba sauran masu laifi, kamar zazzaɓin cizon sauro, tsargiya, amosanin jini, ciwon suga, ciwon hanta nau'in C da cuta mai karya garkuwar jiki.

Alamomi da Gwaji

Alamar farko ita ce kumburin fatar ido da safe, wanda yakan sauka zuwa ƙafafu da yamma. Sai fitsari mai kumfa da ba ta saurin bajewa, da ƙaruwar nauyi cikin 'yan kwanaki, wani lokaci da hawan jini. A asibiti akan fara da tsoma ɗan tsinken gwaji a fitsari don neman furotin, sa'an nan a auna albumin da ƙarfin aikin ƙoda da na hanta, a gwada HBsAg da HBeAg, a ƙirga yawan ƙwayar a jini. Tabbaci yakan samu ne idan an ɗebi ɗan ƙanƙanin yanki na ƙoda da allura an duba shi a madubin likita. Mazauna cikin birni suna iya farawa daga Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad ko Asibitin Yara na Hasiya Bayero, daga nan a tura mai buƙata Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda akwai sashen ƙoda.

Magani

Tun da ƙwayar ce tushen ciwon, ita ake fara danne wa. Idan ta daina hayayyafa, furotin nata ya ragu a jini, yoyon ƙoda yakan ragu ko ya tsaya. A da akan yi amfani da allurar intaferon da ƙwayar lamibudin, amma intaferon yana wahalar da jiki, lamibudin kuwa cutar takan bijire masa a kusan kashi 70 cikin 100 na masu shansa bayan shekara 5. A yau entekabir da tenofobir ne a sahun gaba. Tenofobir iri biyu ne, TDF da TAF. Na farkon yana iya taɓa ƙoda da ƙashi, saboda haka ga mai raunin ƙoda likitoci sun fi karkata ga entekabir ko TAF. Ana rage adadin entekabir gwargwadon ƙarfin ƙodar. Waɗannan magunguna danne cutar suke yi, ba kasafai suke kawar da ita ba, kuma barinsu ba da izinin likita ba yana iya tayar da ciwon hanta mai haɗari.

Akwai gargaɗi mai muhimmanci game da firednisolon. Shi ne maganin da aka saba ba yara masu ciwon kumburi na ƙoda, amma yana kwantar da garkuwar jiki, ƙwayar ciwon hanta kuma ta sami sararin hayayyafa. Saboda haka wajibi ne a gwada jini kafin a fara shi, kuma kuskure ne babba a saye shi a kemis ba da takardar likita ba. Bayan wannan, akan ba da maganin rage ruwa a jiki, da maganin hawan jini irin lisinofiril ko losatan, masu rage fitar furotin. Majinyaci ya rage gishiri da dunƙulen miya, ya guji yawan shan magungunan ciwon jiki da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba.

Yara da yawa sukan warke, wasu ma da kansu, idan jikinsu ya kawar da HBeAg. Al'amarin manya ya fi tsanani. Binciken da K. N. Lai da abokansa suka buga daga Hong Kong a 1991 ya nuna cewa kusan ɗaya bisa uku na manyan da suka bibiya ƙodarsu ta ci gaba da lalacewa. Idan ta gaza gaba ɗaya, sai wankin ƙoda ko dashe, wanda Asibitin Malam Aminu Kano ya fara yi a 2002, kuma dukkansu biyu suna da tsada ainun.

Rigakafi

Taiwan ta fara yi wa jarirai allurar rigakafi a 1984, Afirka ta Kudu kuma a 1995, kuma a ƙasashen biyu likitoci sun ga wannan ciwon ƙoda ya ragu sosai a tsakanin yara. Nijeriya ta fara ba jarirai allurar a 2004. Ta farko ana son a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, sauran uku a mako na 6, na 10 da na 14. Jaririn da aka haifa a gida kada a jira suna kafin a kai shi. Mai ciki ta nemi gwaji a wurin awo, domin akwai maganin da ake ba wadda ƙwayar ta yi yawa a jininta don kāre jaririn. Baligin da gwaji ya nuna ba ya ɗauke da cutar shi ma yana iya karɓar allurai uku.

Kammalawa

Ɗalibi da malami suna da rawar takawa a nan. Wanda ya ga ƙaninsa yana tashi da kumburarriyar fuska ko fitsari mai kumfa, ya shawarci iyaye a je asibiti a gwada fitsari da jini. Wanda aka yi haihuwa a gidansu ya tuna musu da allurar ranar farko, ranar aski kuma a tanadi sabuwar reza. Masu ɗauke da cutar ba abin ƙyama ba ne, abin da suke buƙata shi ne a riƙa duba hantarsu da ƙodarsu a kai a kai.